Abin da Ɗanliti Mai Huɗa Ya Cika da Shi

Shekara talatin da huɗu Rahmatu ta yi a gidan Ɗanliti mai huɗa. Sun sha yunwa tare, sun sha ciwo, amma duk ba su ne suka fi ci mata rai ba. Bakinsa ne. Mutumin nan in ya yi tuntuɓe, kafin ƙafarsa ta koma ƙasa ashar ya riga ya fita. In kunama ta harbe shi sai ya zage ta, ya zagi uwarta, ya haɗa da ramin da ta fito. Sauran jama'a in abu ya faɗo musu ba zato sukan yi salati ko su ce innalillahi, shi kuwa abin da ke fitowa daga bakinsa, mai alwala ma in ya ji sai ya ji kamar ya je ya sake ta. Tsoron Rahmatu ɗaya ne tak: kada mutuwa ta zo masa farat ɗaya ta tarar da harshensa a kan abin da ya saba.

A Tudun Gawo aka haife shi ranar wata Litinin, wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Shanono inda gona ke manne da gona, ba sauran daji ko na kiwon akuya. Gonar da ubansa ya bari ba ta ciyar da mutum biyu, don haka tun ƙuruciya ya bi wani mai shanun huɗa, a wurinsa ya koyi riƙon garma, a wurinsa kuma ya kwashi ashar, duk a damina guda. Da ya kawo ƙarfi ya haɗa nasa shanun. Da damina huɗa, da rani ya ɗaura musu amalanke ya yi dakon taki da kara da ƙasar gini. A ƙauyen nan kaf ba gonar da garmarsa ba ta taɓa shiga ba.

Ba wai ba ya ibada ba. Sahun farko yake salla, azumi bai taɓa wuce shi ba, ko da yake a watan azumin ma daga la'asar shanun sukan ji a jikinsu. Wannan ne ya fi ba Rahmatu ƙyama, a ce bakin da ya gama karanta Fatiha yanzu-yanzu shi ne zai fito ƙofar masallaci ya lailayo wa jakin wani abin da ba ya maimaituwa. Ranar da aka zo neman auren 'yarsu Ikilima, dattawa na zaune a zaure ana gaisawa cikin mutunci, kaza ta tsallake ta zubar da kwaryar fura. Abin da Ɗanliti ya gaya wa kazar nan har cikin gida aka ji. Rahmatu ta shige ɗaki ta ja ƙofa, ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Ta yi nasiha ta gaji, ta yi fushi ta gaji. Da aka buɗe makarantar matan aure a gidan Malama Sadiƙa, can ta ji cewa a lokacin fitar rai harshe yakan koma ga abin da ya saba ne, ba ya jiran umarnin mai shi. Nan kuma ta koyi yadda ake laƙƙana wa mai mutuwa Kalmar Shahada. Ba a ce masa ya faɗa, don mai jin zafi yana iya cewa ba zai faɗa ba, a jawo masa abin da ya fi muni. A kusa da kunnensa ake faɗa a hankali, kamar mutum yana yi wa kansa. In ya faɗa sau ɗaya sai kowa ya kama bakinsa, kada a tambaye shi komai, kada a sa shi wata maganar duniya, don ta zama ita ce ta ƙarshe. In kuwa ya yi wata magana, sai a sake daga farko. Rahmatu ta yi wa mahaifiyarta haka, ta yi wa maƙwabta biyu, duk suka cika lafiya.

Sai ta ƙirƙiro wata dabara tata. In ya zauna yana gyaran igiyar karkiya hankalinsa ya tafi, sai ta lallaɓo ta bayansa ta saki kwanon sha a ƙasa, don ta ji me zai fito. Ta yi haka ya fi sau ashirin a cikin shekaru, kwanon har ya lotse, kuma kullum amsar ɗaya ce. Sau ɗaya ne ya ce "La'ila", zuciyarta ta yi fari, sai ya ƙarasa da uwar kwanon. Da ya gano da gangan take yi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ranar da mutuwa ta zo zai gane ta, ai ba kwano ba ce. Ita dai ba ta ga abin dariya ba.

Abu ɗaya ne ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba: ƙazamin bakin nan ba ya ƙarya. Kuma da yake shi ke huɗar gonakin kowa, ya san inda kowace iyaka ta tsaya tun kafin a tuge gambar da aka shuka a kanta. In rigimar iyaka ta kai gaban dagaci, shi ake kira. Yakan zo da takin shanu a ƙafa, ya zagi masu rigimar duka biyu, sannan ya taka ya nuna wurin, magana ta ƙare.

Rigimar da ta zo masa ta ƙarshe ta gidan Alhaji Kallamu ce, wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Barno suka zauna. Da ya rasu bara, 'ya'yansa maza biyu suka raba babbar gonarsa ta bakin hanya: Naziru mai shago a Tsanyawa ya ɗauki gabas, Abdulkabir da ke aiki a Bacirawa can birni ya ɗauki yamma. Suna da ƙanwa, Asama'u, wadda mijinta ya mutu ta dawo ƙauye da 'ya'ya huɗu tana suyar ƙuli-ƙuli. Ita ba a sa ta a rabon ba, cewa suka yi ai su za su riƙe ta, riƙon da bai wuce kwanon hatsi da salla ba. A tsakanin rabon nasu akwai wani yanki na kunya goma sha biyu da aka huɗe a gicciye, ba kamar sauran kunyoyin gonar ba, kuma bakinsa na kan hanya. Tun da aka fara jita-jitar za a zuba kwalta, yankin nan ya hana 'yan'uwan nan gaisawa. Dagaci ya sa musu ranar Asabar, ya ce a kira Ɗanliti.

Kafin ranar kowannensu ya lallaɓo. Naziru ya zo da zabi biyu, Abdulkabir ya zo da buhun dusa wai na shanu. Duka biyun sun koma da kayansu da kuma abin da ba su zo nema ba. Rahmatu ma da ta tambaye shi na waye, cewa ya yi ta bari Asabar ta ji da sauran jama'a.

Ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, tana surfe a tsakar gida sai maƙwabciyarta ta leƙo ta kan danga ta ce mata ta ajiye taɓaryar nan, amalanke ya faɗa wa maigidanta a bakin kududdufi. Rahmatu ta fita ba takalmi, hijabi a baibai.

Abin da ya faru, ya ɗebo taki ne zai kai wata gona, yana tafe a gefen amalanken ta wajen gangare. Wata tifa ta danna oda a bayansu, shanun suka zabura, taya ɗaya ta zame, kaya da amalanke suka kife masa a ƙirji. Kafin ta iso maza sun ɗage shi sun janye shanun, an kuma tura babur ya nemo mota a Tsanyawa. Yana kwance cikin takin da ya zube, ƙudaje sun riga sun taru. Mutane sun yi masa zobe, kuma wajen rabinsu waya ce a hannunsu a ɗage, suna ɗaukar dattijon da ya huɗe gonakin iyayensu kamar sun ga wasan kura. Wani da abin ya faru a gabansa ya tare ta da labari, har da ɗan murmushinsa, wai lokacin da amalanken ke kifewa sun ji ya ƙunduma wa sa na hannun dama ashar. Abin da ta yi shekaru tana gudu ke nan, ga shi ya faru a bainar jama'a. Sai dai yana numfashi. Allah ya ƙara masa ɗan lokaci, kuma ta ƙudurta ba za ta bari ya tafi a banza ba.

Ta durƙusa cikin takin ta ɗora kansa a cinyarta, ta sa bakin hijabi ta share masa leɓe. Maza uku ne a kansa suna daka masa tsawa ya yi Kalma, ya yi Kalma, kamar masu korar awaki daga shuka. Ta san mijinta. Mutumin da in ka ce masa ga hanya sai ya bi ta cikin ƙaya, shi za a tsaya a kai ana ba umarni? Rahmatu da ba ta taɓa ɗaga murya a cikin maza ba ta ce musu su yi wa Allah su ja da baya su yi shiru. Suka ja, wasu don ganin girmanta, wasu don warin.

Ta sunkuya kusa da kunnensa ta fara, a hankali, kamar ba da shi take ba. La'ilaha illallah. Ta numfasa ta sake. A na biyar ya buɗe ido ya dube ta. Ta ga leɓensa na ƙasa yana rawa, ta kuwa san da haka ashar ɗinsa ke farawa. Amma da muryar ta fito, a sarari ta fito, har na baya suka ji.

"La'ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah."

Daɗin da ta ji a lokacin bai misaltuwa, ga mijinta yana mutuwa a cinyarta amma ita farin ciki take. Ta ɗaga hannu ta yi wa jama'a alamar kada wanda ya ƙara cewa uffan. Dattawan da suka san ƙa'ida suka ƙara tura matasa baya. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙudaje da numfashinsa da ke fita da ƙyar.

A cikin wannan shirun 'ya'yan Alhaji Kallamu suka iso, don dukansu suna ƙauyen suna jiran Asabar. Abdulkabir ne ya ratsa mutane ya shigo. Sai da ya tattare ƙafar wandonsa don kada ta taɓa taki, sannan ya tsuguna ya kara waya a bakin mai mutuwa don ya ɗauki muryarsa. Ya yi masa sannu a gurguje, ya ce don Allah kafin mota ta zo, kunyoyin nan na bakin hanya, na waye a cikinsu?

"Ɗan nan, ya yi Kalma," in ji Rahmatu, murya ƙasa-ƙasa. "Ka bar shi haka."

Naziru da ya ga wansa zai riga shi, shi ma ya kutso ya durƙusa ta ɗaya gefen. Shi da addini ya zo. "Inna, gara ya faɗa. Kada ya tafi da nauyin mutane a wuyansa."

Ta roƙe su da girman Allah, ta roƙe su da darajar ubansu. Ta kai hannu za ta ture wayar, Abdulkabir ya kauce ya sake tambaya, a karo na biyu har da kiran sunansa da ƙarfi kamar mai tashin wanda ya makara. Ɗanliti ya juya ido ya dubi wannan, ya dubi wancan. A karo na farko a zamansu Rahmatu ta yi fatan ya ƙi magana don taurin kai. Bai ƙi ba, bai kuma zage su ba. Muryar ta riga ta shige, sai wanda ya sunkuya ne zai ji.

"Ba na ɗayanku ba ne. Na Asama'u ne. Ubanku ya ba ta, shi ya ce in gicciye mata kunyar."

Jini ya biyo bayan maganar. Rahmatu ta manna bakinta a kunnensa ta sake farawa, la'ilaha illallah, la'ilaha illallah, tana yi tana kallon leɓensa. Ba su ƙara motsi ba. Ta ci gaba har bayan da ta san ba ya ji, sai da wani dattijo ya matso ya shafe masa ido. Motar ta iso bayan an gama komai.

Ita ce ta sa aka ja da baya, saboda haka mutum uku ne kaɗai suka ji maganar nan, sai wayar. Ta ɗago ta ga 'yan'uwan da suka shekara ba sa ga-maciji suna duban juna, ta ga babban yatsan Abdulkabir ya goge abin da wayar ta ɗauka kafin ya sa ta aljihu. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya fuskanci jama'a ya ce Baba Ɗanliti ya cika, kuma da Kalmar Shahada ya cika, su shaida ne. Naziru ya ce ƙwarai, shi ma a kunnensa. Wurin ya ɗauki kabbara.

Kafin azahar labari ya gama ƙauyukan. Ɗanliti fa, Ɗanlitin da kowa ya sani, ya samu kyakkyawan ƙarshe! Liman ya yi wa'azi da shi a bakin kabari. Masu wayoyin nan da suka ɗauka daga nesa suka yi ta tura wa juna inda yake faɗin Kalma, har wani ya ɗora masa karatu a kai. Mutanen da bai taɓa huɗe wa gona ba suka zo ta'aziyya daga Shanono. Mata suna shigowa ɗaki suna riƙe hannun Rahmatu suna ce mata ta yi sa'a, addu'arta ta karɓu, Allah ya sa su ma mazajensu su dace haka.

Wannan ita ce maganar da ta yi shekara talatin da huɗu tana son ji. Ga ta an kawo mata har ɗaki, amma duk wadda ta faɗa sai Rahmatu ta ji kamar an ɗura mata ruwan kwata. Ta kasa cin abinci. Tana jin ƙyamar yaran nan biyu, da suka ƙwace wa mutum kalmarsa ta ƙarshe don kunya goma sha biyu, da ba ta yi musu daɗi ba suka shafe ta, sannan suka fake da Kalmar Allah suka rufe. Tana jin ƙyamar kanta ma, don ta san shirunta yana yi mata daɗi. In ta yi shiru, mijinta ya zama abin misali har jikoki. In ta buɗe baki, ta san mutanen Tudun Gawo, cewa za su yi ashe da zancen gona ya tafi. Yadda Allah zai karɓi lamarin kuwa ba ta sani ba, wannan ne ke sa ta hawaye in ta ɗaga hannu bayan salla.

Duk kwanakin nan Asama'u tana gidan. Ba wanda ya kira ta, ita ce dai irin matan da in an yi mutuwa za ka gan su a bakin murhu. Ita ke wanke tukwane, ita ke jan ruwa, ita ta daka gumbar sadaka, goyo a baya. Duk sanda ta gifta ƙofar ɗaki sai Rahmatu ta kawar da kai.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa Fatiha a waje, 'ya'yan Alhaji Kallamu suka yi sallama suka shigo gaishe ta, kafaɗa da kafaɗa. Tsakar gida cike da mata, har da Malama Sadiƙa. Suka tsuguna a bakin tabarma. Abdulkabir ya ce mutuwar Baba ta zame musu wa'azi, sun shirya, sun gaya wa dagaci ba sai an zauna ba, za su raba kunyoyin shida-shida. Mata suka yi ta sa musu albarka. Da sun tashi a nan da watakila shi ke nan. Amma Naziru bai natsu ba, yana so ya ɗaure maganar a gaban mutane.

"Inna, ai ke ce kusa da shi. Da Kalma ya cika, ko ba haka ba?"

Wata tsohuwa ta fara amsawa a madadin Rahmatu. Sai Rahmatu ta ɗago ta katse ta.

"Ya yi Kalma, kowa ya ji. Amma ba da ita ya cika ba. Ku kuka hana shi."

Ta ɗaga murya ta kira Asama'u, ta ce ta ajiye muciyar nan ta zo. Asama'u ta zo tana goge hannu a zane, ba ta san me ta yi ba. Rahmatu ta maimaita mata abin da mijinta ya faɗa, kalma bayan kalma, ba ta rage ba ba ta ƙara ba: kunyoyin nan nata ne, ubanta ya ba ta, shi ya sa aka gicciye su. Abdulkabir ya fara cewa ai magagin mutuwa ne, mutum a wannan hali ba a kama maganarsa. Malama Sadiƙa ta tambaye shi, in magagi ne me ya kai shi tambaya, kuma ba shi ne ya ce marigayin da Kalma ya cika ba? Suka tashi suka fita, Naziru har ya manta da takalmi ɗaya.

Rahmatu ta ce a je a gaya wa dagaci tana takaba ba za ta iya fita ba, ya aiko wanda zai ji daga bakinta, in rantsuwa ake so za ta yi. Tana rufe baki ta ji wata daga bayan rumbu tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ashe dai da zancen gona ya tafi. Maganar ta soke ta daidai inda ta san za ta soke ta, ta sunkuyar da kai ta ja carbinta. Masu ta'aziyya sun ci gaba da zuwa har aka yi arba'in, amma daga ranar ba wadda ta ƙara riƙe hannunta ta ce mata ta yi sa'a.